Yaron da ya iya kiran salla amma bai iya neman ruwa ba

Wannan nazari ne na abin da ya faru a wani gidan Hausawa a Makka cikin wata goma sha takwas, tun daga ranar da likita ta fara zargin ɗansu yana da tawahhud har zuwa yau. Tawahhud shi ne sunan da kowa ya san lalurar da shi a nan Saudiyya, ita ce Turawa ke kira otizim. Na ji gidajen rediyo na gida Najeriya suna cewa galahanga, sai dai kalmar takan kwaso lalurori da yawa da ba su haɗa hanya ba, don haka zan tsaya a kan tawahhud. Ni malamar rauda ce, wato makarantar renon yara kafin firamare, uwar yaron kuma 'yar ƙanwar mahaifiyata ce. Ba labari aka ba ni ba. Na raka su asibiti, na yi wa kakarsa tafinta, har na ba da shawarar da daga baya na gane ba daidai ba ce. Iyayen sun yarda in rubuta bisa sharaɗin ba suna, ba unguwa. Zan riƙa ce masa Auta, tunda shi ne ƙarami a ɗakinsu.

Gidan

Kakansa na wajen uba yana cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa ta ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya don sauke farali, ba su koma ba. Ya yi shekaru yana gasa tsire a wajajen Shari' Mansur, ya rasu ya bar matarsa, wadda babba da yaro ke kira Inna. Mahaifin Auta haifaffen Makka ne amma da igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, yake zaune, kamar da yawa daga cikinmu, yana tuƙi a wani kamfanin rarraba kaya. Uwar tana ɗinki a gida. 'Ya'yansu uku, mata biyu 'yan firamare, sai Auta.

Harshe biyu ake yi a gidan. Inna Hausa take yi, Larabcinta na kasuwa da Harami ne. 'Yan matan Larabcin Hijaz suke yi a tsakaninsu, su juya Hausa in za su yi wa Inna magana. Iyayen kuwa su fara zance da wannan su ƙarasa da wancan. Da yake uwar tana kan keken ɗinki rabin yini, Inna ce ke riƙe da Auta. Ita ke goya shi, ita ke ba shi kunu, ita ke masa wasa.

Abin da aka fara gani

Auta ya yi tafiya a kan lokaci, jikinsa ɓul-ɓul, ba ya yawan ciwo. Yana ɗan wata goma sha biyar yana cewa "mama" da "moya", wato ruwa a Larabcin nan, yana ɗaga wa baƙo hannu. Kafin ya cika shekara biyu duk sun ɓace, kuma ba wanda zai ce ga ranar da suka tafi. A kira sunansa sau biyar ba zai waiwayo ba, amma a buɗe ledar biskit a kicin, sai ga shi daga uwar ɗaka da gudu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake neman ruwa. Wata rana da la'asar ina zaune a falonsu, ya zo ya kama uwarsa a wuyan hannu, bai dubi fuskarta ba, ya ja ta har gaban firji, ya ɗora tafin hannunta a kan marfin, ya tsaya yana kallon marfin. Hannun yake so, kamar mutum ya ɗauko mabuɗi. Da ta ɗan tsaya ta ce, "Me kake so, Auta?" sai ya zube yana buga ƙeya da tayil. Na yi shekaru ina koyar da 'yan shekara huɗu da biyar, na ga masu jinkirin magana ba adadi. Amma su sukan nuna maka abu da yatsa, su dube ka, su dubi abin, su sake dubanka. Wannan kai-komo na ido shi ne babu a wurin Auta. Jirgi mai saukar ungulu zai wuce, ya ɗaga kai ya kalla har ya ɓace, bai juyo ya ga ko kai ma ka gani ba.

Sai takalma. Duk takalmin da aka cire a bakin ƙofa sai ya jera shi a layi, hanci na duban bango, kuma in baƙo ya tashi tafiya ya zare nasa daga layin, an shiga uku. In aka kunna injin markaɗe ya toshe kunne ya shige bayan labule.

A ɗaya gefen kuma, da an kira salla a masallacin layinsu sai ya tsaya cak ya bi ladan, da karin muryar, da jan numfashin, har da ɗan gyaran muryar da ladanin kan yi kafin ya fara. Wannan baiwa ita ta ja mana jinkiri. Inna takan ce, "Yaron da ke kiran salla ne za a ce ba ya magana? Ku ƙyale mini angona, lokacinsa ne bai yi ba." Daga baya muka fahimci cewa maimaita abin da kunne ya ɗauka daban, amfani da kalma don a isar wa wani da buƙata daban. Yara masu tawahhud da yawa sun ƙware a na farko.

Kafin a je wurin likita an bi duk hanyoyin da kowane gidanmu zai bi. Inna ta ce gado ne, uban ma sai da ya shekara uku ya buɗe baki. Wata goggonsu ta ɗaga harshen yaron ta ce linzami ne, a nemo wanzami. Allah ya taimaka uwar ta ƙi. Likita daga baya ta ce harshen lafiya lau, kuma ko da akwai linzamin, ba shi zai hana yaro waiwayowa in an kira shi ba. Aka ce kambun baka ne, don an kai shi wani biki an yi ta yaba ƙibarsa. Aka yi ruƙiyya, aka shafa zamzam da man habbatus sauda. Ban ga laifin addu'a ba, kuma babu likitan da ya ce a daina. Abin da na ga laifinsa shi ne mayar da ita dalilin jira, yau a ce a bari a cika kwana arba'in, gobe a ce a gwada wani malamin.

Wata maƙwabciya ta ɗora wa allurar rigakafi. Wannan zance yana da asali. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa takarda a mujallar Lancet yana danganta rigakafin ƙyanda da hangum da wannan lalura. A 2010 mujallar ta janye takardar, aka kuma hana shi aikin likita, manyan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara ba su ga alaƙar ba. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne shekarun allurar da shekarun bayyanar alamomin sun zo ɗaya.

Zargin da ya fi cin uwar a rai shi ne na waya. A bazarar Makka zafi yakan haura digiri 40, yaro ba ya leƙa waje sai bayan magariba, kuma Auta yakan yi awoyi a gaban tablet yana kallon waƙoƙin yara. Wata rana da dare ta kira ni tana kuka, "Yaya, ki gaya mini gaskiya, ni na ja masa?" An ɗauke tablet ɗin, kuma ya dace a ɗauke, tunda ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ba ta yarda da kallon allo ga ɗan ƙasa da shekara biyu ba, 'yan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Barcinsa ya ɗan gyaru. Amma bayan sati shida bai fara nuni da yatsa ba, bai fara amsa sunansa ba. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne kaso mafi girma na sababin tawahhud yana cikin ƙwayoyin gado, tun yaro yana ciki.

Nawa kuskuren shi ne na ce a bari ya shiga rauda, cuɗanya da yara za ta buɗe masa baki. Haka ne ga yaron da ke kallon yara yana kwaikwayonsu. Auta ba ya kallonsu, kuma ni da nake malama ya kamata in lura.

Tambayoyi ashirin

Yana da wata ashirin da shida zazzaɓi ya kai su wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti. Likitar yaran ta gama duba maƙogwaro, sai ta kira sunansa sau uku, ta nuna agogon bango ta ce masa ya duba. Bai bi yatsanta ba. Ta ciro takardar da ake kira M-CHAT-R, tambayoyi ashirin na e ko a'a, waɗanda aka tsara don yara daga wata 16 zuwa 30, akwai ta da Larabci. In kika nuna abu a can gefen ɗaki yana dubawa? Yana kawo miki abu don ki gani kawai, ba don ki buɗe masa ba? Yana wasan shan shayi a kofin da babu komai? Wanda ya samu maki takwas zuwa sama kai tsaye ake tura shi gaba. Auta ya samu sha ɗaya.

Likitar ta jaddada cewa takardar rariya ce, ba hukunci ba. Ta rubuta tahwil biyu, wato takardun tura mara lafiya wani asibitin, ɗaya na gwajin ji, ɗaya na asibitin lalurorin girma da ɗabi'a. Ta kuma ƙara magana ta uku, cewa a fara aikin takhatub, wato koyar da magana da sadarwa, tun yanzu, kada a jira sakamako. Uwar ba ta ji wannan ba. Daga kalmar tawahhud kunnenta ya toshe, sai bayan wata guda da muke bitar ranar ta tuna.

Gwajin ji ya zo da sauƙi. An yi masa irin wanda ake manna wayoyi a kai yaro yana barci, a auna yadda jijiyar ji ke amsa sauti, aka ce kunnuwansa ƙalau. Wannan mataki ba a tsallake shi, don kurumta kan yi kama da tawahhud a wannan shekarun.

Daga nan hanya ta rabu bisa takardar da ke aljihunka. Ɗan ƙasa zai kama mau'idi, wato ranar ganin likita, ta manhajar Sehhaty ko ya kira lambar ma'aikatar lafiya 937, a tura shi asibitin gwamnati kyauta, kuma yawancin tallafin kuɗi na masu lalura nasa ne. Mai igama da ke aiki a kamfani inshora ce hanyarsa, kowane mataki sai an jira muwafaƙa, wato amincewar kamfanin inshorar. Cibiyoyin da ke taimaka wa irin waɗannan yara ba wai babu su ba ne. Jidda tana da cibiyar magana da ji da aka fi sani da JISH, da cibiyar tawahhud da ƙungiyar mata ta Faisaliyya ta kafa, duka tun farkon shekarun 1990. Masu nema ne suka yi yawa. Mau'idin da Auta ya samu a asibitin da inshorarsu ta yarda da shi wata biyar ne a gaba, ga Hajji a tsakiya, lokacin da uban ba ya ganin gida sai tsakar dare.

Cibiyar farko, da makonnin da Inna ta kama bakinta

Da uban ya ga mau'idin ya yi nisa, sai ya bi shawarar wani abokin aikinsa ya kai yaron wata cibiya mai zaman kanta. Zama uku a mako, kowanne minti arba'in da biyar. A bakin ƙofa ake karɓar yaro, uwa ta zauna a ɗakin jira tana jiyo kukansa ta bango. Sau ɗaya aka bari muka leƙa. An zaunar da shi a kujera, an turo tebur ya tokare shi, malama tana ɗaga kati tana cewa "tuffaha, ce tuffaha", in ya yi wani sauti a ba shi guntun cakulan. Ba na cewa aikin tebur ba shi da wuri. Akwai abubuwan da ake koyarwa haka, akwai kuma masu yin sa da ilimi. Amma yaron da bai riga ya gano cewa in ya dubi mutum ko ya miƙa masa abu wani abu zai faru ba, sunan tuffa ba shi ne damuwarsa ba. Bayan wata biyu Auta yana cewa "tuffaha" in an ɗaga katin. Bai taɓa faɗa don yana son tuffa ba, kuma hannun uwarsa dai yake ja zuwa firji.

Abin da ya fi wannan ɓarna wata magana ce da aka faɗa wa uwar a mako na biyu, wai harshe biyu ne ke ruɗa shi, a daina yi masa Hausa kwata-kwata. Ni aka ɗora wa kai saƙon. Na durƙusa gaban Inna ina faɗa ina jin nauyi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To 'yar nan, in dai don lafiyar angona ce, na kama bakina." Kuma ta kama, don mace ce mai cika magana. Sati shida tana goya shi, tana ba shi abinci, tana masa wanka, ba ta ce masa uffan sai ɗan "ta'al" da "la" na Larabci, wato zo da a'a, da ta iya. Kirarin da take masa da safe ya tsaya, rarrashin dare ya tsaya. Wadda ta fi kowa zama da yaron, ta fi kowa haƙurin maimaita abu sau ɗari, ita aka rufe wa baki da sunan magani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Shawarar ba ta da tushe. Binciken da aka yi a Kanada da wasu ƙasashe, inda aka gwada yara masu tawahhud da suka tashi da harshe biyu da waɗanda suka tashi da ɗaya, bai nuna harshe na biyu yana ƙara musu jinkiri ba. Duk da haka ana ta ba da ita, kuma gidaje irin namu ta fi cuta, domin harshen da ake cewa a ajiye kullum na kaka ne.

Zanin Inna

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa mu da wata ƙwararriyar takhatub a Jidda. Kafin mu je na tabbatar tana da rajista da hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a ƙasar, abin da ban yi tunanin yi ba a cibiyar farko. 'Yar Sudan ce. Da ta ji Inna tana yi mini magana sai ta gaishe ta da Hausa mai karin Larabci. Ashe kakanninta mutanen Mai Wurno ne, garin nan na kusa da Sinnar da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarta ba ta da yawa, kuma ba da ita ta yi aikin ba, amma ta sa Inna ta saki jiki. Maganarta ta farko ga Inna ita ce, "Hajiya, daga yau ki koma yi masa maganarki."

Ba ta karɓi yaron ba. Ta shimfiɗa tabarma ta ce uwar ta yi wasa da shi minti biyar yadda ta saba, ta ɗauka da wayar uwar, muka zauna muka kalla. Ta ce mu ƙirga tambayoyi. Mene ne wannan? Wane launi ne? Ina hancinka? Ce mota. Ashirin da uku muka ƙirga, ba a bar masa ko daƙiƙa biyu tsakanin wata da wata ba, kuma duk a bayansa uwar take zaune, shi yana juya tayar mota da yatsa. Can sai ta tsayar da hoton. Tayar ta maƙale, Auta ya ɗago ya dubi uwarsa kamar ƙiftawar ido, ita kuwa ta juya tana laluben wani abin wasan a jaka. Ƙwararriyar ta ce, "Ga maganarsa nan. Ya yi miki magana, kin juya." Uwar ta rufe fuska da mayafi.

Abin da ta ɗora musu ba shi da yawa. A zauna a gabansa, fuska daidai da fuskarsa. Abin da ke hannunsa shi ne zancen, ko da takalmi ne. A faɗa masa sunan abu maimakon a tambaye shi, kalma ɗaya ko biyu. Sannan a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Wannan shirun ya fi komai wuya, don mu mutane ne da ba mu iya barin yaro yana nema ba mu miƙa masa ba.

Ta tambayi Inna wane wasa ne ke sa shi dariya. Inna ta ce lilo a zani: ita ta kama baki ɗaya, babbar yayarsa ta kama ɗaya, a sa shi a tsakiya a yi ta lilawa. Ta ce to a yi, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a lila, yana tsakiyar dariya a sauke shi a ƙasa, a dube shi, kada kowa ya ce komai. Ranar farko ihu ya yi yana fizgar zanin. Rana ta huɗu, ina wurin, aka sauke shi, ya fizgi zanin bai motsa ba, ya yi tsit, sannan ya ɗago ya zuba wa Inna ido. Nan take suka ɗaga shi, Inna tana cewa "ƙara! ƙara!" Kallon nan shi ne kuɗin lilo. Bayan sati biyu kallon ya zo da wani ɗan sauti, cikin wata na biyu ya ce "ƙara" da bakinsa. Ba a jima ba yayyensa suka kawo rahoto cewa in su kaɗai ke lila shi "kaman" yake cewa, wato ƙara a Larabcin Hijaz. Ba wanda ya koya masa raba su. Inna ta ce, "Kaman wa? Ni dai ƙara ya ce mini."

Wannan salo ba ƙirƙirar matar ba ce. Horar da iyaye ta hanyar ɗaukar bidiyo shi ne ginshiƙin wani gwaji da Farfesa Jonathan Green ya jagoranta daga Manchester a Ingila, a kan yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2010. Da aka sake bibiyar yaran aka wallafa a 2016, an ga sauƙin da suka samu a alamomin lalurar ya ɗore bayan kusan shekara shida. Ba a ga wani babban bambanci a makin jarrabawar harshe ba, kuma ya kamata a faɗi wannan don kada a sayar wa iyaye abin da babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu reno a kan irin wannan tunani.

Don matsalar firji sai ta kawo hotuna, tsarin da ake kira PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka fara a Amurka a 1985. Muka ɗauki hoton gorar ruwansa, da nonon laban, da burodin tamis, da zanin lilo, aka wanke aka manna a ƙofar firji. Da farko mutum biyu ake buƙata, ɗaya ya riƙe ruwan a gabansa, ɗaya ya tsaya a bayansa ya kama hannunsa ba magana, ya sa shi ya ɓamɓaro hoton ya miƙa. Uban ya ƙi abin da fari, ya ce in yaro ya samu hoto me zai sa ya wahalar da bakinsa. Amsar da aka ba shi ita ce hoton ba a bango yake aiki ba, sai an miƙa wa mutum, kuma mutum ne Auta bai gano amfaninsa ba tukuna. Cikin wata guda buga ƙeya ya ragu ƙwarai. "Moya" ta dawo yana miƙa hoton, ga Inna kuma "ruwa".

Ko kiran sallar ba a bar shi ba. Tunda kunnensa na riƙe dogon zance, aka riƙa fara masa abin da ya saba ji a tsaya a tsakiya. A ɗauko cokali a ce "Bismil…" a jira. Ya ƙarasa, a ba shi loma.

Takardar

Mau'idin ya zo yana da wata talatin da biyu. Kwana biyu aka yi, likitar girman yara da masaniyar halayyar ɗan Adam. Sun ɗauki tarihi tun daga goyon ciki, sun yi wasa da shi da kumfar sabulu da 'yar tsana suna lura, sun cike ma'aunin CARS mai sassa goma sha biyar, wanda ake auna alamomin tawahhud da shi. Sakamako: tawahhud, mataki na biyu cikin matakai uku da littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya tsara a bugun 2013, wato mai buƙatar tallafi sosai.

Wani ƙanen uban ya karanta a intanet cewa akwai wata lalura mai sauƙi da ta tsaya ga sadarwa da mutane kawai, ya sa rai ita ce. Likitar ta ce akwai ta, amma ana ba da wannan suna ne ga yaron da ba shi da maimaita abu ɗaya da tsananin jin sauti ko taɓi, kuma da wuya a tabbatar da ita kafin shekara huɗu. Jerin takalma da toshe kunne sun fitar da Auta daga ciki. Uban tambaya ɗaya ya yi: "Dakta, akwai magani?" Ta ce babu ƙwayar da ke cire tawahhud. Akwai magungunan da ake ba wasu yara don barci ko tsananin fushi, Auta bai kai ga buƙatarsu ba. Ta kuma gaya musu, tunda uwar ta tambaya, cewa lalurar ta fi yawa ga maza nesa ba kusa ba, kuma cikin ƙannen da aka haifa bayan yaro mai tawahhud kusan ɗaya cikin biyar kan zo da ita, don haka duk wanda ya biyo baya a sa masa ido tun yana jariri.

Takardar ta buɗe ƙofar inshora, kuma za a neme ta a makaranta. Aikin gida kuwa ko ɗigo ba ta canza ba. In na lissafa daga ranar da na gan shi a gaban firji zuwa ranar da aka fara lilo da zani, wata takwas ne, kuma babu abu ɗaya a cikin aikin da sai da takarda ake fara shi.

Uban bai yi magana ba a hanyar dawowa. Bayan kwana uku sai ga shi da galan na ɗanyen nonon raƙumi daga masu kiwo na bakin hanya, an gaya masa yana warkarwa. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje a kansa a nan ƙasar, amma ba su kai hujja ba, ɗanyensa kuma yana iya ɗauke da zazzaɓin Malta, ga cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012 wadda ke da alaƙa da raƙuma. Aka daidaita a kan na kanti wanda aka dafa. Auta ya shinshina kofin ya ture, zancen ya mutu.

Kuɗi da hanya

Zama ɗaya a Jidda ya kai cefanen gidan na kwana uku, ban da mai, tafiyar kusan kilomita tamanin. Sun gwada jirgin ƙasa na Haramain sau ɗaya, amsa-kuwwar lasifika a tasha ta sa Auta ya kwanta a ƙasa ya toshe kunne, ba su sake ba. Ga kuɗin murafiƙin, wato harajin iyalin mai igama, da aka fara karɓa a 2017 a kan riyal 100 duk wata ga kowane mutum, ya kai 400 a 2020. Mata da 'ya'ya uku, riyal 1,600 ke nan kafin a sayi shinkafa. Abin da inshora ta ware ya ƙare kafin shekara ta zagayo. Yanzu sau biyu a wata suke zuwa, a tsakani uwar tana tura bidiyon minti biyar ta WhatsApp, a mayar mata da gyara. Da a cibiyar farko suka tsaya, inda duk aikin ke hannun malama a bayan ƙofa, ranar da kuɗi ya ƙare ranar aikin zai tsaya.

Inda ake yanzu

Auta yana da shekara uku da wata takwas. A lissafin uwarsa yana amfani da kalmomi kusan arba'in a harsuna biyu, yana haɗa biyu kamar "ƙara tamis" da "Inna zo". Yana amsa sunansa in ba ya cikin jerin takalmansa. Ya fara nuni da yatsa, akasari don neman abu, amma kwanan baya a farfajiyar Harami ya nuna tattabaru ya juyo ya dubi Inna, ba kuma so yake a kamo masa ba. Har yanzu ba ya wasa da yara, gefensu yake zama. Bai bar famfas ba. Abincinsa bai wuce kala shida ba, kuma yakan farka ƙarfe uku na dare ya ƙi komawa.

Rauda biyu aka tambaya. Ɗaya ta ce babu gurbi da ta ga takardar, ɗaya ta ce za ta karɓa in iyayen za su ɗauko malamar inuwa da za ta zauna da shi a aji, su biya ta daga aljihunsu. Uban yana ta lissafi, uwar ta ƙara karɓar ɗinkin abaya. Mau'idin bibiya na gaba bayan azumi ne. Ta riga ta fara rubuta tambayoyinta a bayan littafin awon ɗinki, ta farko a kan barci ce.